Garken Ba Namu Ba Ne

Karatu: 1 Korintiyawa 4:1-5

A ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram manomi yakan ba Bafillace kiwon saniyarsa. Makiyayin yakan sha nono, amma ba shi da ikon sayar da ita, gama ran da mai ita ya zo, sai lissafi. Haka hidimarmu take a gaban Ubangiji. Sa'ad da Korintiyawa suka rarrabu, waɗansu na bin Bulus, waɗansu Afolos, Bulus ya tuna musu cewa shi da Afolos masu riƙon amana ne kawai, aminci kuwa ake nema gare su. Mu fastoci fa, bakinmu ya saba da "ikilisiyata". Shi ya sa in aka canja mana wurin aiki, ko dattawa suka nemi ganin littafin baiko, sai ranmu ya ɓaci.