Awon Faifan Fulofi da Ma'aunan Zamani: Kalma Ɗaya, Ma'ana Uku

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana yadda ake juya awon tsohon faifan kwamfuta, wanda ake kira fulofi, zuwa ma'aunan da ake aiki da su a yau. Kamfanin IBM ne ya fara fitar da irin wannan faifai a 1971, mai faɗin inci 8. Na inci 5.25 ya biyo baya a 1976, sa'an nan na inci 3.5, wanda kamfanin Sony ya ƙago, ya kuma daina ƙerawa a 2011. Batun ya shafi manazarta, domin duk wanda ya ajiye kundin digiri ko jerin kalmomi a kan faifan nan, yana kuma son ya kwashe kafin ya lalace, dole ne ya san ainihin abin da yake ɗauka.

2.0 Tushen Awo

Mafi ƙanƙantar ma'auni shi ne bit, watau sifiri ko ɗaya. Bit takwas su ne bayit guda, wanda a tsohon tsari shi ne mazaunin harafi ɗaya. Kowace fuska ta faifai an tsaga ta da'ira-da'ira, kowace da'ira kuma an yanka ta gida-gida, kowane gida na cin bayit 512. Saboda haka sai a riɓanya fuska da da'ira da gida da bayit, kamar haka:

(a) Inci 5.25, mai lambar 360K: 2 × 40 × 9 × 512 = bayit 368,640
(b) Inci 3.5, mai lambar 720K: 2 × 80 × 9 × 512 = bayit 737,280
(c) Inci 3.5, mai lambar 1.44M: 2 × 80 × 18 × 512 = bayit 1,474,560

3.0 Inda Gizo Ke Saƙa

Kalmar kilo daga Girkanci take, ma'anarta dubu. Amma da yake kwamfuta da bibbiyu take ƙirga, sai masana suka ari kalmar suka ɗora wa 1,024, adadin da ya fi kusa da dubu a wannan ƙirga. Haka mega ta zama ko dai 1,000,000 ko kuwa 1,048,576. In muka ɗauki misali na (c) muka raba da na farko, za mu sami 1.47, in da na biyu ne, 1.41. To, ina aka samo 1.44 da ke jikin faifan? An raba bayit ɗin ne da 1,024 aka sami 1,440, sa'an nan aka sake rabawa da 1,000. Ke nan an auna rabin hanya da wani mudu, aka ƙarasa da wani. Wanda ya san kasuwar hatsi ba zai yi mamaki ba: sunan mudu ɗaya ne, amma na wannan kasuwa ba lalle ne ya yi daidai da na waccan ba.

Don kau da wannan ruɗu ne hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya, IEC, ta amince a 1998 da sababbin ɗafa-goshi: kibi da mebi da gibi ga awon 1,024, aka bar kilo da mega da giga ga awon dubu. A bisa haka, gigabayit guda daidai yake da faifai kamar 678 irin na (c), gibibayit kuwa kamar 728. Har ila yau, a tsarin DOS gida 33 cikin 2,880 na tafiya ne wajen tsare bayanan faifan kansa, abin da ya rage wa marubuci bayit 1,457,664 ne.

4.0 Rubutun Hausa

In aka ƙaddara shafi na ɗauke da harafi 2,000, har da tazarar kalmomi, to faifan zai ci tsuran rubutu fiye da shafi 700. Sai dai a tsarin UTF-8 na yanzu, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ bayit bibbiyu suke ci, haka ma galibin baƙaƙe da wasulan Ajami. Abin lura kuma shi ne, kafin yaɗuwar Unicode akan aro wa haruffa masu lanƙwasa mazaunin wata alama ne, a lulluɓe da salon harafi na musamman. In aka kwashe rubutun ba tare da wannan salo ba, adadin bayit zai cika cif, amma ƙafa da kafa, ko ɗaka da daka, ba za su fito yadda aka rubuta su ba.

5.0 Kammalawa

Lambar da ke jikin faifai laƙabi ce kawai. Mai son lissafi na gaskiya sai ya koma ga bayit, ya kuma faɗi mudun da ya auna da shi. Masu tsara keɓaɓɓun kalmomin kimiyya a Hausa su ma ya kamata su bambanta megabayit da mebibayit tun daga farko, kada mu gaji ruɗun tare da kalmar.