Fentin gida a lokacin zafi

Fentin gida a lokacin zafi shi ne aikin shafa fenti ko farar ƙasa a bango, ƙofofi, tagogi ko rufin gini a watannin da rana ta fi ƙuna. A Turai da Amurka wannan lokaci yana faɗowa ne tsakanin Yuni da Agusta. A arewacin Najeriya da kudancin Nijar kuwa lokacin bazara ne, daga Maris zuwa Mayu, inda zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin Selsiyus a garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Yamai. Masu gidaje da yawa sukan zaɓi wannan lokaci saboda babu ruwan sama, kuma fenti yana saurin bushewa. Sai dai wannan saurin shi ne babbar matsalar aikin, domin fentin da ya bushe kafin ya kama bango ba ya daɗewa.

Yadda fenti yake kama bango

Fentin ruwa, wanda aka fi shafawa a bangon siminti, yana ɗauke da launi da ƙananan ƙwayoyin roba da ke yawo cikin ruwa. Idan aka shafa shi, ruwan yakan fita a hankali, ƙwayoyin su matso kusa da juna har su haɗe su zama fata guda manne da bango. Idan ruwan ya fita da gaggawa, ƙwayoyin ba sa samun damar haɗewa sosai, sai fatar ta zama mai rauni.

Fentin mai, wanda ake yi wa ƙofofin ƙarfe da katako, ya bambanta da wannan. Bayan sinadarin da aka tsinka shi da shi ya tashi, man da ke cikinsa yana taurarewa ne ta hanyar haɗuwa da iskar oksijin. Ita kuwa farar ƙasa tana ƙarfi ne yayin da take zuƙar iskar kabon daga sarari, kuma hakan ba ya yiwuwa sai da danshi.

Illolin zafi ga fenti

Kamfanonin fenti galibi suna ba da shawarar a yi aiki tsakanin digiri 10 zuwa kimanin digiri 32 ko 35, kuma ana rubuta hakan a jikin bokiti. Abin lura shi ne zafin bangon kansa, ba na iska kaɗai ba. Bangon da rana ta daɗe tana duka, ko ƙofar ƙarfe mai duhun launi, sun fi iskar da ke kewaye da su zafi nesa ba kusa ba.

Daga cikin illolin akwai ƙuraje, wato kumburin da ke tasowa idan saman fenti ya bushe ya rufe ruwa ko sinadarin da ke ƙasa, zafi kuma ya mayar da shi tururi. Akwai kuma shatar rola ko buroshi, saboda gefen da aka shafa yakan bushe kafin a haɗa shi da na gaba. Fentin mai da aka yi masa kauri yakan yi tamoji. Farar ƙasa kuma takan koma gari, ta riƙa ɓata tufafin duk wanda ya jingina da bango. Wasu masu fenti sukan ƙara ruwa fiye da kima domin fentin ya yi santsi a hannu, wanda hakan ke rage masa kauri da ƙarko. Ƙarshen duk waɗannan shi ne ɓarewa da wuri da kuma sake kashe kuɗi.

Hanyoyin da ake bi

Ƙa'idar da masu sana'ar suka fi riƙewa ita ce bin inuwa. Ana fara bangon yamma da sassafe, a koma na gabas da la'asar bayan ya huce, a bar tsakar rana domin aikin cikin ɗaki ko hutu. A Kano, wadda ke kusa da digiri 12 arewa da ekwaita, rana takan tsaya tsaka a kai wajen ƙarshen Afrilu, daga nan har zuwa ƙarshen Agusta tana karkata ta arewa, don haka bangon arewa ma yana shan rana a wannan tsakani. Gwaji mafi sauƙi shi ne ɗora tafin hannu a bango: idan hannu bai iya jurewa ba, ana jinkirta aikin.

Ana ajiye bokitin fenti a inuwa a rufe, a riƙa ɗibar kaɗan-kaɗan. Shafi biyu marasa kauri sun fi shafi ɗaya mai kauri, kuma ana jira tsawon lokacin da kamfani ya rubuta kafin shafi na biyu, ko da na farkon ya bushe a taɓawa. Kafin a shafa farar ƙasa ana yayyafa wa bango ruwa. Sabuwar filasta kuma ana barin ta kimanin kwana 28, domin siminti yakan bushe a sama alhali cikinsa da sauran danshi, kuma kaifinsa yana cin fenti. A yankin Sahel ana share ƙurar da hunturu ya bari a bango tukuna, a kuma lura da guguwar da ke zuwa gabanin ruwan farko.

Lafiyar masu aiki

Haɗarin bai tsaya ga fenti ba. Mai aiki a kan tsani cikin rana yana iya galabaita saboda gumi da ƙishirwa. Alamomin farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da ɗaurewar jijiyoyi, kuma jiri a kan tsani yana iya jawo faɗuwa. Idan zafin jiki ya kai digiri 40, mutum ya fara ruɗewa ko ya suma, wannan bugun zafi ne da ke iya kisa. Ana kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa da ruwan sanyi, a garzaya da shi asibiti. Haka kuma zafi yana ƙara tashin tururin fentin mai da kananzir, wanda ke sa jiri kuma yana kama wuta, shi ya sa ake buɗe tagogi a kuma nisantar da wuta.

Launi da zafin ɗaki

Zaɓin launi yana da tasiri bayan an gama aiki. Farin launi yana mayar da mafi yawan hasken rana, baƙi kuma yana zuƙe shi ya zama zafi. Birnin Ahmedabad na Indiya, wanda ya yi asarar rayuka masu yawa a tsananin zafin watan Mayun 2010, ya fitar da shirin yaƙi da zafi a 2013, daga baya kuma ya shigar da shafa farin fenti da farar ƙasa a rufin gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Birnin New York na Amurka ma ya fara irin wannan shiri a 2009. Shi ma wannan farin shafi ana yin sa ne da sanyin safiya, domin rufi ya fi kowane sashe na gini ɗaukar zafi.