Tankin ruwan unguwarku: abin da ya kamata ki sani kafin hunturu

Uwargida, kin taɓa tambayar kanki me ya sa ake ɗora tankin rijiyar burtsatse can sama a kan ƙafafun ƙarfe? Daga Ɗambatta zuwa Bichi, Kunchi da Tsanyawa, irin waɗannan tankuna sun zama abin gani a ƙauyuka da dama, kuma a gindinsu ne yaranmu ke jera jarkoki safe da yamma.

Sirrin yana ga tsayi. Injin sola aikinsa tura ruwa sama ta cikin bututu. Nauyin ruwan ne ke dawo da shi ƙasa, ya fito da ƙarfi ta bakin famfo. Tankin da ke mita 6 daga ƙasa ya ninka na mita 3 ƙarfin turi. Idan kuma aka buɗe bakuna da yawa lokaci guda, ko bututu na yoyo a ƙarƙashin ƙasa, sai ki ga ruwa ya zama tsirit, layi ya ƙi tafiya.

Ga inda maganar ta shafe ki. Da hunturu, kara da harawa sun bushe ƙayau, rumbuna cike da gero da dawa, gidaje manne da juna, ga wutar jin ɗumi a ɗaka. Idan gobara ta tashi cikin dare, kafin motar kashe gobara ta iso, wannan tankin ne madogara. Amma sola ba ta aiki da dare. Tanki mai lita 5,000 jarka 200 ne kacal; idan an ƙarar da shi da magariba, sai rana ta fito.

Don haka ki tuntuɓi maigida, su zauna da mai unguwa da kwamitin ruwa a tsayar da doka: kada tanki ya kwana babu ruwa, kuma makulli ya zauna a hannun wanda ke kusa. Ke ma kada randarki da duronki su kwana fayau. Ki tuna, wutar mai da ta lantarki ba a zuba musu ruwa. Yashi ake watsawa, bayan an fitar da yara.

A garinku wa ke riƙe da makullin tanki? Faɗa mana a ƙasa, 'yan uwa su ƙaru.