Ana Taro a Potiskum, Ana Yanke Shawara a Damaturu

A ƙidayar 2006 an lissafa mutum 205,876 a ƙaramar hukumar Potiskum ta jihar Yobe, cikin ƙasar da faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 559 ba. Mazaɓu goma ne suka raba wannan jama'a, daga Bolewa A da B, Hausawa, Dogo Nini da Dogo Tebo, har zuwa Mamudo da Danchuwa. Ke nan tun a wancan lokaci kansila guda yana ɗauke da bakin mutum sama da dubu ashirin. Yau kuwa, bayan shekarun haihuwa da kwararar 'yan gudun hijira da masu neman abinci, nauyin ya ƙaru ƙwarai, mazaɓun kuma suna nan yadda suke.

Sai dai yawan jama'a ba shi ne babban abin dubawa ba. Abin da ya sauya a garin cikin shekarun nan shi ne inda magana take ƙarewa. Mutanen Potiskum ba su taɓa yawan zama a kwamiti da halartar taron jin ra'ayi kamar yanzu ba. Akwai kwamitin kula da makaranta, akwai na ci gaban mazaɓa da ke sa ido kan asibitin sha-ka-tafi, akwai na masu ba da agaji, ga zaurukan WhatsApp da Facebook da ba sa barci. Amma majalisar kansiloli, wadda ita ce doka ta ɗora wa alhakin tattara wannan magana ta mai da ita kasafin kuɗi, ita ce muryarta ta fi kowacce dushewa. An yawaita ƙofofin faɗin ra'ayi, an ɗauke ɗakin yanke hukunci an kai shi wani gari.

Ba haka aka faro ba. Tun da Turawa suka dawo da fadar Fika zuwa Potiskum a 1924, garin ya zama mazaunin En'e mai baitulmalinta da 'yan dokarta da alkalanta. Ba mulkin shawara ba ne, kada a yi wa tarihi kwalliya. Talaka ya sha wuyar haraji da jangali, kuma Ngizim da Kare-Kare sun daɗe suna ƙorafin an ɗora musu sarautar da ba tasu ba, ƙorafin da ya kai ga kafa masarautar Potiskum a 1993 zamanin Gwamna Bukar Abba Ibrahim, soja suka soke, aka maido ta a 2000. Duk da haka, kuɗin da ake kashewa a gari, a gari ake tara mafi yawansa, kuma wanda ya yanke hukunci ana ganinsa a masallacin Juma'a. Gyaran 1976 na gwamnatin Obasanjo ya raba sarakuna da ikon zartarwa, ya kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk ƙasa, ya ba su kaso daga asusun tarayya. Bayan 1979 aka bi sahun Kano da Kaduna wajen soke haraji da jangali a Arewa. Talaka ya huta, amma wata igiya ta tsinke: hukumar da ba ta rayuwa da kuɗin mutanenta ba ta da dalilin tsayawa ta saurare su, su ma ba su da ƙwarin guiwar tambayar ina aka kai abin da ba daga aljihunsu ya fita ba.

Tsarin mulkin 1999 ya zo da hannu biyu. Sashe na 7 ya tabbatar da zaɓaɓɓun majalisu, jadawali na huɗu ya jera musu ayyuka: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, kwashe shara, magudanan ruwa, ƙananan hanyoyi, sa wa tituna suna, da sa hannu a ilimin firamare da lafiya da noma. Sashe na 162 kuma ya kafa asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, inda kason da ke zuwa daga Abuja, kashi 20.6 cikin ɗari na abin da ake rabawa, zai fara sauka kafin ya isa ga masu shi. A nan aka yi wa ƙaramar hukuma dabaibayi. Kafin kuɗin ya bar babban birnin jiha an cire albashin malaman firamare, an cire na fansho, da kason masarautu, da na horar da ma'aikata, da gudummawar ayyukan haɗin gwiwa. Manyan ma'aikatan sakatariya ba ciyaman ke ɗaukarsu ko sauya musu wurin aiki ba, hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ce. Ma'aikatan lafiya sun koma ƙarƙashin hukumar lafiya matakin farko ta jiha. Filin cikin gari kuwa tun dokar filaye ta 1978 yana hannun gwamna, ga Potiskum kuma galibin rigimarta ta fili ce da kwata da rumfar kasuwa. Idan aka tattara, abin da ya rage wa majalisa ta yi muhawara a kai ɗan kaɗan ne. Shi ya sa amsar da mai ƙorafi ya saba ji a kowace sakatariya a Arewa ita ce "ba a sako kuɗi ba" ko "abin daga sama yake", kuma sau da yawa gaskiya ake gaya masa.

Tsarin rabon ma bai yi wa gari irin Potiskum adalci ba. Kashi 40 cikin ɗari ana raba shi daidai wa daida tsakanin ƙananan hukumomi, kashi 30 ne kawai ke bin yawan jama'a, wani kason kuma yana bin faɗin ƙasa. Potiskum ƙasarta kaɗan ce, mutanenta da baƙinta da sharar da suke tarawa su ne masu yawa. Ranar Laraba, idan kasuwar shanu ta ci, wadda ake lissafa ta cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, garin yana ɗaukar fatake daga Borno da Nijar da Cadi da masu saye daga Kudu, ga tireloli a kan hanyar Kano zuwa Maiduguri. Babu ɗayansu a lissafin da aka yi rabon da shi.

Dalili na biyu siyasa ce. Hukumar zaɓe ta jiha ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi, gwamna ke naɗa ta. A zaɓen Fabrairun 2021 da na Yunin 2024 jam'iyyar APC ta kwashe kujerun ciyaman 17 gaba ɗaya a Yobe. Wannan ba cutar Yobe kaɗai ba ce, haka jam'iyya mai mulki take yi kusan a kowace jiha, ko wace ce. Amma a Potiskum abin ya fi fitowa fili, domin gari ne da aka san shi da adawa da gardamar siyasa, a jihar da ma Atiku Abubakar na PDP ya ci a zaɓen shugaban ƙasa na 2023. Kansilan da ya san tikitinsa ta hanyar sasanci ya zo, wajen wanda ya ba shi zai riƙa waiwaye. Tsakanin zaɓe da zaɓe kuma an sha barin kujerun a hannun kwamitocin riƙo, waɗanda ba su da mazaɓar da za su koma wa.

Na uku shi ne shekarun tashin hankali. Harin kasuwar shanu a Mayun 2012, kisan ɗalibai a Mamudo a Yulin 2013, bam a jerin gwanon Ashura da wanda ya tashi a makarantar kimiyya da fasaha a Nuwamban 2014, duk sun mai da taruwar jama'a abin tsoro. Dokar hana fita, hana hawa babur, katse layukan waya bayan dokar ta-ɓaci ta Mayun 2013, babu wanda aka kawo gaban kansiloli, kuma a halin da ake ciki ba wanda ya yi tsammanin za a kawo. Matsalar ita ce ɗabi'ar da aka koya a lokacin wuya ba ta tafiya da tafiyar wuyar. Jiha ta saba yanke hukunci kai tsaye, jama'a sun saba jin sanarwa a rediyo.

A wannan giɓin ne kwamitoci suka tsiro. Shirin Bankin Duniya na raya al'umma da aka fara a 2009 ya zo da tsari mai kyau a takarda, kuma a wurare da dama ya yi aiki: unguwa ta zauna ta zaɓi abin da take so, rijiyar burtsatse ko aji ko ɗakin shan magani, ta kafa kwamiti, ta kawo ɗan kasonta, a saka kuɗin a asusun kwamitin. Ƙungiyoyin agaji da suka shigo Yobe bayan rikici suka ƙara nasu. Daga 2018 wani shirin na Bankin Duniya ya riƙa ba jihohi lada idan sun wallafa kasafinsu sun kuma saurari jama'a kafin su rubuta shi, daga nan tarukan jin ra'ayi suka zama al'adar shekara. Alherin wannan ba ƙarami ba ne. Mata da matasa da masu lalura ta musamman, waɗanda zauren mai unguwa bai saba ba su wurin zama ba, sun samu kujera. An samu mutanen da suka iya karanta kasafi, suka iya bin sawun kwangila.

Amma kowane ɗaya daga cikin waɗannan tsare-tsare kewaye majalisa ya yi, bai bi ta cikinta ba. Kwamitin da aka kafa don shiri yana mutuwa ran da shirin ya ƙare, famfon ya lalace babu mai gyara, domin ba ya cikin kasafin kowa. Wanda ya kai buƙata taron jin ra'ayi ba shi da hanyar tilasta wa kowa, an ji, an rubuta, an ci abinci, an watse. Kuma a hankali aka samu 'yan taro na dindindin, fuskoki iri ɗaya masu Turanci da waya mai kyau, su ne a wannan bita su ne a waccan. Manomin ƙauye da mai tallar nono ba sa cikinsu.

Inda asarar ta fi zafi, kuma aka fi yin shiru a kanta, ita ce aikin ba da shawara. Ƙaramar hukuma ba ginin kwalbati kaɗai aka kafa ta don shi ba. Tana da sashen gona mai malaman gona da na dabbobi, tana da duba-gari, tana da ofishin jin daɗin jama'a da ke sasanta ma'aurata da bin haƙƙin marayu, tana da jami'an raya karkara da ke haɗa aikin gayya da ƙungiyoyin gama-kai. Aikin waɗannan mutane ƙafa ne da baki, yana bukatar mai a babur da takarda da ɗan alawus. Su ne farkon waɗanda ake yanke wa kuɗi idan albashi ya cinye kaso, domin shawara ba ta da allon buɗewa, ba a yanka mata ƙyalle. Sakamakon shi ne manomi yana karɓar shawarar maganin feshi daga bakin mai sayar da shi, makiyayi yana karɓar ta allura daga mai kemis, matar da aka saka ba ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba sai ta malami ko ta sarki. Fadodin biyu da limamai da shugabannin kasuwa da ƙungiyar direbobi sun ɗauki kaya mai yawa, kuma suna ƙoƙari, sai dai ba zaɓensu aka yi ba, ba a kuma tsige su.

Masu kare tsarin na yanzu suna da hujjar da bai kamata a raina ba. A farkon shekarun 1990, da aka bar albashin malaman firamare a hannun ƙananan hukumomi, malamai sun yi watanni ba a biya su ba har makarantu suka rufe, dole aka dawo da hukumar tarayya mai kula da ilimin firamare a 1993. Haka kuma manyan ayyukan da Potiskum ta gani a zamanin Gwamna Mai Mala Buni, irin kasuwar zamani da ɗaga babban asibiti zuwa na ƙwararru, ba abin da ƙaramar hukuma za ta iya ita kaɗai ba ne. Gaskiya ne. Amma hujjar ta nuna jiha ta fi iya gini ne, ba ta nuna ta fi sanin wace kwata ce ke cika gidaje da ruwa a Agusta ba, ko wa ya cancanci rumfa idan an gama kasuwar. Irin waɗannan ƙananan shawarwari su ke haddasa babbar gaba a gari mai masarautu biyu da ƙabilu da yawa, inda kowane rabo ake karanta shi da idon wa aka fifita. Majalisa mai rai wuri ce da Babole da Bangizime da Bakarkare da Bahaushe da Bafulatani za su yi cinikin bukatunsu a fili. Idan babu ita, cinikin ba ya tsayawa, komawa yake ɗakin baƙin wani babba.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Antoni Janar Lateef Fagbemi ya shigar, ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta kwamitocin riƙo. Mai Shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta hukuncin. Ya zo a lokacin da kason ya kumbura bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, ko da yake tsadar kaya ta cinye wani ɓangare. Aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa a faɗin ƙasa. Ko an aiwatar da shi tsaf, hukuncin ya taɓa hanyar da kuɗi zai bi ne kawai. Bai taɓa hukumar da ke shirya zaɓe ba, bai taɓa mai naɗa ma'aji da daraktan ma'aikata ba, bai kuma tilasta wa ciyaman ya kawo kasafinsa gaban kansiloli a zaman da kowa zai iya shiga ba. Biyun ƙarshe suna cikin dokar ƙananan hukumomi ta jiha, wadda majalisar dokoki a Damaturu ce kaɗai ke da ikon gyara ta, kuma Potiskum tana da 'yan majalisarta a can da za a iya tambaya.