Taurarin Takarda: Adon Biki Daga Hannun Yaranmu

Idan Sallah ta rage kwana uku, kowa ya san inda kuɗin maigida ke tafiya a Anka, Gummi ko Bukkuyum: ɗinkin yara, takalma, cefane, lallen uwargida. Kafin a zo kan adon ɗaki, aljihu ya riga ya yi fayau. Sai ka ga yaro ya toge gaban mai tebur a kasuwa yana kallon balan-balan da ledojin ƙyalli na shigowa, uban kuma yana jan hannunsa. Alhali kayan da za a ƙawata ɗakin da su suna nan cikin gida: tsohuwar kalanda, katin gayyatar bikin da aka riga aka sha, fastar ɗan takarar da zaɓensa ya wuce. Da almakashi da zare da ɗan ƙaro, waɗannan tarkacen za su koma sarƙar taurari da za a rataya tun daga zaure har ɗakin inna. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Takardar da muke yagawa mu naɗe ƙosai a yau ta yi doguwar tafiya kafin ta iso mana. A ƙasar Sin aka ƙirƙiro ta, kuma tarihi ya danganta gyaran sana'arta ga wani bafade mai suna Cai Lun a shekarar 105 Miladiyya. Daga baya ta shiga ƙasashen Musulmi ta Samarƙand, kafin ƙarshen ƙarni na 8 kuma an fara yin ta a Bagadaza. Ƙasar Hausa a bayan raƙumi ta zo, ta ratso Sahara. Da yawa daga cikin littattafan da malaman Daular Sakkwato suka rubuta a ƙarni na 19, idan aka ɗaga takardarsu ga haske, za a ga tambarin jinjirin wata guda uku, alamar masana'antar takarda ta Italiya. Saboda tsadarta, almajiri a allo yake karatu, ya wanke ya sake rubutawa. Mu ne Allah ya nufa da zamanin da takarda ta yi araha har iska ke yawo da ita a kwararo.

Ninke takarda don ado ba baƙon abu ba ne a duniya. Mutanen Japan sun mayar da shi fanni mai zaman kansa da suke kira origami. A Jamus, malamin nan Friedrich Froebel, wanda ya kafa makarantar ƙananan yara a 1840, ya sa ninke takarda cikin darussan yara, har wani tauraro da ake saƙawa da zirin takarda huɗu yake amsa sunansa zuwa yau. A ƙasar Filifin, Kiristoci kan yi fitila mai siffar tauraro da gora da takarda lokacin Kirsimeti. A lungunan Alƙahira kuwa, da zarar watan Azumi ya gabato, yaran unguwa kan yanyanka takardu masu launi su liƙa a igiya, su ɗaura daga wannan bene zuwa wancan.

Mu ma muna da namu gadon. Dubi faifan da mata ke saƙawa da rinanniyar kaba, yadda ja da baƙi ke fitowa daga cibiya su watsu kamar haske. Dubi zanen da ake ƙonawa a bayan ƙwarya, da tsinin aska takwas a ƙirjin babbar riga, da allon zayyanar mai saukar karatu. Duk hikimar guda ce: a raba fili daidai, a maimaita siffa, ido ya huta. Hannun da ya iya faifai ba zai sha wuya da tauraron takarda ba.

Kayan aiki ba su da yawa. Ana buƙatar takarda, almakashi, allura mai faɗin kafa, zare mai ƙwari da abin liƙi. In babu gam na kanti, a jiƙa ƙaro ya kwana, irin wanda malamai ke zubawa a tawada, ko a dama ɗan sitaci a kan wuta har ya yi kauri. In takardar fara ce, launi ma yana madafa: ruwan zoɓo ko na karan dafi zai ba da ja, gangamau ya ba da rawaya, shuni ya ba da shuɗi. A shafa da auduga, a shanya a inuwa, a danne da wani abu mai nauyi don kada ta kanannaɗe.

Mu fara da ƙaramin tauraro mai tsini biyar, wanda ba ya ma buƙatar liƙi. A yanko zirin takarda mai faɗin santimita 1, tsawonsa kamar santimita 25 zuwa 30, wato faɗin ɗan ƙaramin yatsa da tsawon da ya ɗara taƙi ɗaya. A ƙulla shi kusa da baki ɗaya kamar yadda ake ƙulla igiya, a ja a hankali, sannan a danne ƙullin ya kwanta. Za a ga ya fitar da siffa mai gefe biyar daidai wa daida. Guntun bakin da ya rage a cusa shi cikin ƙullin. Dogon kuma a yi ta naɗa shi a jikin siffar. Shi da kansa zai riƙa nuna gefen da zai bi, kada a tilasta shi. Idan ya kusa ƙarewa, a soke bakinsa ƙarƙashin naɗin ƙarshe. Daga nan sai a riƙe shi a gefe, a sa farcen babban yatsa a lotsa tsakiyar kowane gefe cikin biyar ɗin. Nan take zai kumbura ya zama tauraro kamar ƙwayar gujiya. Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne murje naɗin da ƙarfi. In an murje shi sosai ba zai kumbura ba, sai dai ya karye.

Na biyu shi ne babba mai tsini takwas, wanda ya dace da bakin ƙofa. Da farko a samo takarda mai gefe huɗu daidai. Hanya mai sauƙi ita ce a ɗauko kusurwa ɗaya ta shafin littafi a kwantar da ita a kan dogon gefen da ke fuskantarta, a yanke rarar. Rarar nan ma kada a yar, ita za a tsaga a yi ƙananan taurari. A ninke takardar biyu a tsaye, a buɗe, a ninke a kwance, a buɗe, sannan a ninke daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu. Yanzu akwai layuka huɗu da suka haɗu a cibiya. A sa almakashi a tsakiyar kowane gefe, a tsaga kan layin zuwa wajen rabin nisan cibiya, kada a wuce. Kowace kusurwa ta sami kunnuwa biyu ke nan. A lanƙwaso su su haɗu a kan layin kusurwar, za a ga tsini ya fito. A shafa ƙaro a kan kunne ɗaya, a ɗora ɗayan bisa kansa, tsinin zai taso ya yi tudu. Idan an gama duka huɗun, an sami tauraro mai tsini huɗu. A yi wani irinsa, a liƙa su baya da baya, tsinin wannan ya faɗa tsakanin biyu na wancan. Ga takwas sun cika.

Shirya su a zare tamkar shirya tsakiya ne. A soka allura ta cikin ƙanana, babba kuma ta kan tsini ɗaya. A yi ɗan ƙulli bayan kowane tauraro don kada su zame su taru wuri guda. Ƙanana biyar, babba ɗaya, haka har zaren ya cika. Ana iya sa gutsattsarin karan dawa a tsakaninsu don tazara ta daidaita. Sarƙa mai tsawon gaba biyu ta isa ƙofar ɗaki. Irin wannan ado ya dace da Sallah, da walimar sauka, da suna, da jeren amarya, da Mauludi ga masu yin sa, da Kirsimeti ga maƙwabtanmu Kirista.

Sai dai akwai abubuwa uku da ba a wasa da su. Na farko, a duba abin da ke rubuce kafin a sa almakashi. Kalandu da katunan biki da dama suna ɗauke da ayoyi ko sunan Allah. Irin waɗannan a killace su, ba na yanka ba ne. Na biyu, takarda abokiyar wuta ce. Kada a rataya ta kusa da murhu, kyandir, a-ci-bal-bal ko wayar lantarki mai tsiraici, musamman da hunturu, a kusa da danga ko rufin ciyawa. Na uku, kada a shafa mata fentin da ba a san asalinsa ba, domin har yanzu ana samun dalma a cikin wasu fentocin mai, yaro kuwa komai baki yake kaiwa. Mutanen wannan yanki ba sa buƙatar dogon bayani a kan dalma. A 2010, ƙurar duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma da ake niƙawa cikin gidaje ta yi ajalin yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare a ƙasar Anka, da 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani tsalle yake yi. Haka kuma ƙananan taurarin nan a nisanta su daga mai rarrafe, kada ya haɗiye.

Amfanin wannan aiki ya wuce kyan ɗaki. Yaron da ya ninke takarda biyu, ya sake ninkewa, ya riga ya taɓa rabi da rubu'i da hannunsa kafin malamin lissafi ya zana su a allo. Ya koyi cewa in layi ya karkace tun farko, tsini ba zai fito ba, sai an buɗe an sake. Ga haƙuri, ga nutsuwa, ga zaman tabarma ɗaya da yayye da ƙanne: wannan na yanka, wancan na naɗi, kaka na zura allura in ido ya yarda. Malaman firamare da na Islamiyya za su iya ware rabin sa'a guda don haka ba tare da neman ko sisi daga iyaye ba. A garuruwan da suka karɓi iyalan da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu, yaron da ya baro komai a baya zai iya yin abin da zai nuna ya ce, "Inna, ni na yi wannan."

Idan biki ya watse, kada a bar sarƙar ta sha ƙura har ta yage. A kwance ta, a kaɗe, a naɗe a jikin kwali, a sa cikin kwalla a rufe saboda gara da ɓera. Baɗi war haka, in Allah ya kai mu, a fito da ita, wanda ya iya ya koya wa ƙaninsa, a ƙara mata tsawon gaba ɗaya.