Daga ƙauyukan Matamaye zuwa Facebook: yadda ake gwaji idan jama'a na cuɗanya

Kamfanonin intanet kamar Facebook ba sa fitar da sabon tsari sai sun gwada shi. Sukan raba masu amfani gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a nuna wa rabi sabon abu, a bar rabi da tsohon, sannan a kwatanta. Hanyar na aiki muddin abin da aka yi wa Audu bai taɓa Tanko ba. To amma Audu da Tanko abokai ne, kullum suna aika wa juna saƙo.

Masu binciken kiwon lafiya sun sha karo da wannan matsala a gundumar Matamaye ta jahar Damagaram. Daga 2010 zuwa 2013 aka gudanar da gwajin PRET kan amosanin ido, wanda likitoci ke kira trakoma, tare da shirin ƙasa na kula da lafiyar ido da jami'ar Kalifoniya ta San Faransisko. Ciwon na yaɗuwa ta hannu, tsumma da ƙudaje. Da an bai wa yaro maganin azitromisin an hana ƙanensa don a kwatanta su, da lissafin ya rikice: wanda bai sha ba zai sake shafa wa wanda ya sha, shi kuma wanda ya sha ya rage wa ɗan'uwansa haɗarin kamuwa. Sai bambancin ya fito ƙarami, a raina maganin a banza.

Don haka ƙauyuka aka jefa wa ƙuri'a, guda 48. A wasu kowa ya sha maganin sau ɗaya a shekara, a wasu kuma yara ƴan shekara 12 zuwa ƙasa kaɗai, sau biyu a shekara. Bayan shekara uku, bai wa yara kaɗai bai gaza bai wa kowa ba, kuma ƙwayar cutar ta yi ƙaranci ƙwarai har a jikin manyan da ba su sha komai ba.

A intanet ma haka take. A zaɓen Amurka na 2010, an nuna wa mutum kusan miliyan 61 saƙon tunatarwa a Facebook. Masu binciken sun ƙiyasta cewa saƙon ya kai mutum kusan 60,000 rumfar zaɓe kai tsaye, wasu 280,000 kuma ta hanyar abokansu. Wanda ya ƙirga na farko kawai ya bar mafi yawa a baya.

Sai dai Facebook ba shi da ƙauyuka. Dole kwamfuta ta zana su, ta tara waɗanda suka fi hulɗa da juna rukuni-rukuni, a jefa wa rukunan ƙuri'a. Iyakar ba ta toshewa sarai, kamar yadda ranar kasuwa ke haɗa ƙauyen da ya sha magani da wanda bai sha ba. Akwai kuma tsada: mutanen rukuni ɗaya sukan yi kama da juna, shi ya sa a lissafi dubban mutanen ƙauyuka 48 sun fi kusa da shaidu 48, kuma ƙaramin bambanci na iya ɓacewa a cikinsu.