Ina Ɗaliban Aikin Jinya Za Su Samo Littattafan Bincike?

Duk shekara idan zangon karatu ya kusa ƙarewa, akwai wata damuwa da takan sauka a gidajenmu da dama, tun daga nan unguwar Dugoi a Marwa har zuwa Garwa da Ngaundere. Ita ce damuwar 'ya'yanmu da ƙannenmu masu karatun aikin jinya, waɗanda aka ce wa kowa ya rubuta kundin bincike kafin a ba shi takardar shaida. Sai ka ga yaro ko yarinya ana ta zirga-zirga tsakanin mai fotokwafi da gidan wani da ya gama bara, ana neman aron kundinsa don a kwafa. In ka tambaya sai a ce maka ai babu littattafai.

To, lalle littattafan likitanci suna da tsada, kuma yawancinsu daga Yawunde ko Duwala ake kawo su. Amma fa wani abin rashin sani ne kawai, kaza ta kwana kan dami. Kuma maganar ta shafi kowa, domin kuwa a ƙauyukanmu da yawa ma'aikacin jinya shi ne likita, shi ne mai ba da magani, wani lokaci ma shi ne ungozoma. Abin da ya karanta a makaranta, shi zai yi aiki da shi a jikinmu da jikin 'ya'yanmu.

Duba Shekara Tukuna

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma ban da tsohon littafin magani. Ga misali. Shekaru da yawa kulorokwin shi ne maganin zazzaɓin cizon sauro a ƙasar nan. Da ƙwayar cutar ta daina jin sa, sai Kamaru ta janye shi a 2002, kuma a 2004 ta koma ga haɗin magunguna masu sinadarin atemisinin. A 2016 aka fara ba ƙananan yara maganin rigakafi wata-wata a lokacin damina a yankunan Arewa da Arewa Mai Nisa, sannan a watan Janairun 2024 Kamaru ta sa allurar rigakafin wannan zazzaɓi cikin jerin alluran yara na yau da kullum. Ɗalibin da ya dogara da littafin da aka buga a 1995 ba zai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma ba mamaki ya fito yana rubuta wa yaro maganin da ya daɗe da daina aiki.

Saboda haka, kafin ɗalibi ya kwafi ko da layi ɗaya, sai ya buɗe shafin farko ya duba abu uku: wa ya rubuta, a wace shekara, kuma don wace ƙasa. Littafin sanin sassan jikin ɗan Adam ba ya saurin tsufa, domin ƙashi da jijiya suna nan inda suke. Amma duk abin da ya shafi magani da yawan da za a sha da allurar rigakafi, sai an gwada shi da ƙa'idar Ma'aikatar Lafiya ta yanzu.

Laburaren Da Ke Kusa

Wurin farawa shi ne ɗakin karatun makarantar ɗalibi, komai ƙanƙantarsa, musamman kantar da ake jera kundayen waɗanda suka gabata. Amfanin tsohon kundi yana shafukansa na ƙarshe, inda mai shi ya jera littattafai da mujallun da ya duba. Wannan jeri shi ne sawun da za a bi.

Daga nan sai jami'o'i. A da jami'ar Ngaundere kaɗai muke da ita a duk arewacin ƙasar nan, tun 1993. Yanzu akwai ta Marwa da aka kafa a 2008, da ta Garwa da aka kafa a 2022, wadda ke da tsangayar koyon aikin likita. A Garwa ɗin dai akwai reshen Centre Pasteur mai gwaje-gwajen cututtuka, da kuma laburaren Alliance Française. Shawararmu ita ce ɗalibi ya karɓi wasiƙa daga shugaban makarantarsu kafin ya je, ya gaisa da ma'aikacin laburare cikin ladabi, ya faɗa masa kan maganar bincikensa dalla-dalla. Matambayi ba ya ɓata.

Har ila yau, a 1997 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirƙiro wani shuɗin akwatin ƙarfe mai littattafai fiye da 100, wanda ake kira Bibliothèque bleue, don asibitocin gundumomi na Afirka. Duk wanda ya je koyon aiki a asibitin gunduma ya tambaya ko akwai shi. In ya tarar, ya tuna da maganar duba shekara.

Ƙofofin Da Ba A Biya

Babban laburare a yau yana cikin wayar hannu. PubMed, wanda Laburaren Likitanci na Amurka ya buɗe wa kowa kyauta a 1997, yana ɗauke da bayanin maƙaloli fiye da miliyan 35. Yawancinsu taƙaitawa ce kawai ake gani, amma akwai wurin da za a taɓa a ware waɗanda ake karantawa gaba ɗaya ba da ko sisi ba.

Waɗanda kuwa ake sayarwa, su ma an yi musu ƙofa. A 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya da wasu manyan kamfanonin ɗab'i guda 6 suka buɗe shirin Hinari da mujallu kimanin 1,500, don ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Yanzu yana ƙarƙashin Research4Life, mujallu da littattafansa sun kai dubbai, kuma Kamaru tana cikin ƙasashen da aka ba dama. Sai dai ba mutum ɗaya yake rajista ba. Cibiya ce take yi, irin su jami'a ko makarantar jinya ko asibitin koyarwa waɗanda ba na neman riba ba, sannan a ba ma'aikacin laburare mabuɗin shiga. Ke nan tambayar da ya kamata ɗalibai su kai wa hukumar makarantarsu ita ce: mun yi rajista? In an yi, mabuɗin yana hannun wa?

Bugu da ƙari, littattafan jagora na ƙungiyar Médecins Sans Frontières, na duba marar lafiya da na muhimman magunguna, suna nan kyauta da Faransanci, kuma an rubuta su ne don irin asibitocinmu masu ƙarancin kayan aiki.

Matsalar Harshe

Akasarin ɗalibanmu da Faransanci suka yi karatu, alhali yawancin binciken likitanci da Turancin Ingilishi ake buga shi. Wanda ya rubuta paludisme a PubMed ɗan abin da zai samu kaɗan ne, amma in ya rubuta malaria sai ya rasa inda zai sa kansa. Maganin wannan shi ne jerin kalmomin likitanci da ake kira MeSH, wanda cibiyar Inserm ta Faransa take fassarawa. Ɗalibi ya nemo kalmarsa da Faransanci, ya ɗauki 'yar'uwarta ta Ingilishi, ya haɗa da sunan ƙasa ko na gari. Mai son karatu da Faransanci zalla kuwa, ga CISMeF, wanda asibitin jami'ar Rouen ya fara a 1995.

Namu Na Gida

Cututtukanmu ba lalle su ne suka dami Turawa ba. Annobar kwalara da ta fi tsanani a yankin Arewa Mai Nisa a 2010 ta kama mutane fiye da 10,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 600. Mai bincike a kan irin wannan, ko sanƙarau, ko tamowa, ya nufi mujallun Afirka: African Journals Online da aka fara a 1998, da African Index Medicus na ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Birazabil, da Pan African Medical Journal da aka kafa a 2008, wadda likitocin Kamaru suke yawan rubutu a cikinta.

Batun alƙaluma kuwa, a koma ga rahotannin binciken lafiyar iyali na ƙasa, wato EDS, na 1991 da 1998 da 2004 da 2011 da 2018. A nan ma sai an lura. Rahoton 2011 ya nuna mata 782 suna rasuwa cikin kowace haihuwa 100,000. Na 2018 ya kawo lamba biyu, 467 da 406. Ta farko ta ƙirga duk macen da ta rasu tana da ciki ko wajen haihuwa ko cikin wata biyu bayanta, ko mene ne sanadi, kamar yadda aka yi a 2011. Ta biyu ta tsaya a kwana 42, ta kuma cire waɗanda haɗari ko kisa ya yi ajalinsu. Ɗalibin da ya kwaso lamba daga kundin wani ba zai san wannan bambanci ba, sai ranar kare kundi malamai su tsare shi da tambaya.

Wanda zai ɗibi bayani daga rajistar asibiti kuma, sai da izinin shugaban wurin a rubuce, kuma sunan marar lafiya amana ne, ba ya shiga kundi.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Mu iyaye da yayye muna da namu rabon. Kuɗin da ake ba mai rubuta wa yaro kundi, gara a saya masa katin intanet da su. Ƙungiyoyin unguwa da na tsofaffin ɗalibai suna iya haɗa hannu su sayi sababbin littattafai biyar ko goma su ajiye inda kowa zai duba. Ma'aikatan jinyarmu da suka daɗe a bakin aiki kuma su riƙa miƙa wa na baya sababbin ƙa'idojin da suke karɓowa daga tarurrukan ƙara sani. Shugabannin makarantu su nemi rajistar Research4Life, waɗanda suka riga suka yi kuma su sanar da ɗalibansu tun shekarar farko.

Allah ya ba 'ya'yanmu ilmi mai amfani, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.